Kukan da Aka Rubuta wa Dakta Hafsat

Duk ranar Asabar bayan la'asar ake sakin sabon kashi na shirin "Ayarin Zara" a intanet. A wannan lokacin, duk mai neman Ikram da yayanta Nazeer a gidansu na Ƙofar Na'isa ya san inda zai same su: suna rumfar tsakar gida a kan tabarma, an jingina waya da jikin fulas ɗin shayi, kawunansu a haɗe.

Labarin wasu mutane ne da suka bar duniya bayan ruwanta ya ƙafe, suka shiga wani ƙaton kumbo suna ratsa sararin samaniya, suna neman inda za su zauna. Da Hausa ake yin shirin, 'yan wasan ma na gida ne, abin da ya sa matasa suka riƙe shi hannu biyu. Nazeer malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare, shi abin da ke damunsa a kullum shi ne kuskuren ilmi. Da kumbon ya wuce da rugugi sai ya dafe goshi ya ce, "Ina aka taɓa jin ƙara a inda babu iska?" Ikram kuwa ba ruwanta da iska. Ita mutanen ciki take bi, wa ya faɗi me, me ya sa ya faɗa, shin ya dace da halinsa ko bai dace ba. Akwai zauren masu kallo a WhatsApp da wani saurayi mai suna Hashim yake shugabanta, a nan Ikram ta yi suna. Idan ta tura saƙon murya, har waɗanda ba su yarda da ita ba sai sun saurara.

Mahaifiyarsu, Hajiya Turai, ba ta taɓa zama ta kalla ba. Tun rasuwar mijinta take sana'ar alkaki da dubulan na biki, yawanci tana can gindin murhu tana jin hayaniyarsu daga nesa.

A cikin shirin akwai wata mata, Dakta Hafsat, ita ke kula da lambun da ke ciyar da mutanen kumbon. Tana da ɗa guda, Mikail, matashi mai gyaran inji. Wajen ƙarshen zangon farko Mikail ya fita waje gyara wani abu, igiyar da ke riƙe da shi ta tsinke, ya yi ta nisa cikin duhu har ya ɓace. Shugaban kumbon ya je lambu ya gaya wa uwar. Ta ajiye butar ban ruwa, ta yi salati. Can ta ce, "Ya ci abinci kafin ya fita?" Aka ce ya ci. Ta ɗauki butarta ta ci gaba da zuba wa tsirrai ruwa. Har zangon ya ƙare ba ta yi hawaye ba, ba ta kuma kama sunansa ba.

Ikram ta tashi daga tabarmar ranar ranta a ɓace. Kafin magariba ta tura saƙo zaure.

"Ni dai a gaya min, wace uwa ce wannan? Mun yi wata da watanni muna kallon yaron nan yana kai mata shayi, yana zolayarta, yau ya mutu a gaban idon kowa, ita tambayarta abinci. Wannan lalacin marubuci ne. Ba su san yadda za su rubuta ciwon uwa ba, sai suka miƙa mata buta suka ce ta juya mana baya. Mu da muke kallo mun yi kuka, ita da ta haife shi ko gezau. Idan jarumta suke so su nuna, to sun nuna mana ƙanƙara."

Saƙon ya fita daga zauren ya shiga wasu zaurukan. Cikin 'yan kwanaki sunan matar ya koma Dakta Ƙanƙara a bakin masu kallo. Wasu suka haɗa hotonta da na firji. Hashim ya tattara koke-koken mutane ya tura shafin masu shirin, na Ikram ne a sama.

Nazeer ya saurari saƙon yana kwance, ya ɗora ƙafa kan matashi saboda gwiwarsa da ke masa ciwo. Da ciwon sikila aka haife shi, gidan sun saba da irin wannan kwanciyar.

"Kin iya faɗa," ya ce. "Amma ni ban ga laifinta ba."

"Yaya, kai ai ƙarar inji kawai kake ji."

Ya yi dariya, bai ja maganar ba.

Da damina ta yi nisa ciwon ya tashi masa sosai. Wata Laraba ya dawo daga makaranta ruwa ya dake shi a hanya, washegari ya kasa miƙewa. Aka kai shi asibiti. Ikram ce ta zauna jinya, don Nazeer ɗan fari ne, kuma Hajiya Turai irin matan nan ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce "yayanki" ko "wancan". Idan ta zo asibiti da kwanon abinci, a kujerar bakin ƙofa take zama, ta tambayi Ikram, "Ya jikin nasa?" alhali ga shi nan kwance yana jin ta.

Ranar Litinin da hantsi ya cika. Hajiya Turai ta koma gida dama masa kunun gyaɗa da ya ce yana sha'awa, Ikram ce kaɗai a kansa. Ita ta kira waya. Ta ji numfashin uwarta a ɗaya ɓangaren, sannan ta ji ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ki kira kawunku. Ga ni nan."

Bayan azahar aka kai shi. Gida ya cika da mata har soro, ɗalibansa suka zo cikin kayan makaranta suka tsaya a lungu sun rasa abin yi. Ikram ta yi kuka har muryarta ta dushe. Hajiya Turai tana zaune a ƙuryar rumfa da carbi, tana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, tana tuna wa masu aiki a ƙara wa baƙin Ƙofar Dawanau ruwa, a kai wa maza tabarma. Idonta a bushe. Ikram ta ji wasu mata biyu a bakin rijiya suna cewa Turai akwai tawakkali, ɗayar ta ce, "Ko kuma dai taurin rai," suka yi ƙasa da murya da suka gan ta.

Washegarin addu'ar uku, Ikram ta farka ta ji ƙamshin mai. Ta fito ta tarar da uwarta ta hura wuta, ta jera farantai, tana murza kwaɓin alkaki a tafin hannu.

"Umma, me kike yi?"

"Na gidan Alhaji Aminu ne. Jumma'a za a kai amarya."

"Yanzu a wannan halin? Ai kowa ya san abin da ya same mu. Wa zai ce kin yi laifi?"

"Na amsa musu tun kafin azumi."

Ikram ta tsaya tana kallon hannun uwarta yana juyawa yadda ya saba, ba sauri ba jinkiri.

"Ko sau ɗaya ban ga hawayenki ba," ta ce. "Yana raye ba ki kira sunansa ba, ya mutu ma ba ki kira ba. Umma, wai kin damu kuwa?"

Hannun ya tsaya. Hajiya Turai ba ta ɗago ba. Ta ce, "Miƙo min matsamin can." Ikram ba ta miƙa ba, ta koma ɗaki ta rufe ƙofa.

Daga ranar magana ta yi ƙaranci a tsakaninsu. Ba gaba suke yi ba. Ikram tana gaishe ta da safe, tana wanke-wanke, tana zuwa makarantar firamaren da take koyarwa ta dawo. Amma gidan da mutum uku ke cikawa da surutu ya koma na "an gama abinci" da "to". Gwaggo Hassana, ƙanwar mahaifinsu, ta zo ta lura, ta ja Ikram gefe ta yi mata faɗa a kan ta nemi gafarar uwarta. Ikram ta je ta durƙusa ta ce a yafe mata. Hajiya Turai ta ce, "Ba komai, Allah ya yafe mana." Shirun dai bai tafi ba.

Zauren masu kallo kuwa Ikram ta daina buɗewa. Sai bayan watanni Hashim ya kira ta. Ya sake yi mata gaisuwa, sannan ya ce, "Malama Ikram, zango na biyu zai fara ranar Asabar. Kin ji hirar da aka yi da marubutan? Sun ce sun ji koken masu kallo a kan Dakta Hafsat, sun gyara. Aikinki ne fa wannan. Ya kamata ki kalla."

Ta ce za ta duba.

Ranar Asabar bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma a rumfa, ta ɗauko fulas ta jingina wayar. Ta daɗe ba ta taɓa komai ba. Gefen da Nazeer ke zama ya yi mata faɗi. Tana nan zaune sai ta ji takun uwarta. Hajiya Turai ta tsaya a kanta da tsintsiya a hannu.

"Abin naku ne ya dawo?"

"Shi ne, Umma."

Hajiya Turai ta jingine tsintsiyar, ta zauna a bakin tabarmar. "Kullum ina jin ku kuna musu a kan wata likita. Me ta yi?"

Ikram ta rasa ta inda za ta fara. Ta ba ta labarin a taƙaice, kumbo da lambu da igiyar da ta tsinke. Ba ta faɗi abin da ita ta ce a kan matar ba.

"Nuna min wurin," in ji Hajiya Turai.

Ikram ta nemo tsohon kashin. Uwar ta matso da fuskarta kusa da wayar, ta ƙanƙance ido. Suka kalli Mikail yana nisa cikin duhu, suka kalli shugaban kumbo yana shiga lambu. Da Dakta Hafsat ta tambaya ko ya ci abinci, Hajiya Turai ta gyaɗa kai a hankali, kamar an faɗi abin da ta riga ta sani. Ta kalli matar tana ban ruwa har hoton ya ɗauke.

"Ɗan fari ne?" ta tambaya.

"Shi kaɗai gare ta."

"To." Hajiya Turai ta ɗago daga kan wayar. "Amma akwai inda suka yi kuskure."

Ikram ta juyo.

"Mutum nawa ne a cikin jirgin nan?"

"Da yawa, Umma. Gari guda ne."

"Gari guda, a ce mace ta rasa ɗa, babu wadda ta zo ta zauna kusa da ita? Ga ta can ita kaɗai da ganye. Ko ba za a ce mata komai ba, ai a zo a zauna. Wanda ya rubuta wannan ya san uwa, amma bai san maƙwabta ba."

A duk cikin ɗaruruwan saƙonnin da aka yi ta turawa a kan kashin nan, Ikram ba ta tuna wanda ya faɗi haka ba. Ta ce, "Ga sabon. Sun ce sun gyara."

Sabon kashin ya buɗe da lambun. Dakta Hafsat tana tafiya tsakanin tsirrai, sai ta ga safar hannun Mikail a kan wani benci. Aka sako kiɗa mai taushi. Ta ɗauki safar, ta ƙanƙame ta, ta zube ƙasa. Ta fasa ihu tana kiran sunansa, tana dukan ƙasa, tana fizge tsirran da ta shekara tana reno tana jifa da su. Kyamara ta matso har ana ganin hawaye yana bin haɓarta. An daɗe ana nunawa. 'Yar wasan ta iya, babu wanda zai ce ba ta iya ba.

Ikram ta ga duk abin da ta nema, an ba ta har da ƙari. Ta jira ta ji daɗi, ba ta ji ba. Matar da ke birgima a ƙasa fuskarta ɗaya da Dakta Hafsat, amma Ikram ba ta gane ta ba.

Hajiya Turai ta dafa gwiwa ta miƙe tun kafin wurin ya ƙare.

"Wannan ba ita ba ce," ta ce. "Tilasta mata aka yi. Kuma abincin mutane ne take tumɓukewa." Ta ɗauki tsintsiyarta, amma ba ta yi shara ba, ɗakinta ta shige.

Wayar ta fara rawa a jikin fulas. Saƙonni ne daga zaure. Ƙanƙara ta narke, in ji wani. Wata ta ce ta yi kuka har ɗankwalinta ya jiƙe. Hashim ya rubuta cewa a yi wa Malama Ikram jinjina, yau masu kallo sun nuna suna da murya. Ana ta kiran sunanta, ana jiran ta ce wani abu.

Ta danna wurin ɗaukar murya, ta saki. Ta sake dannawa, ta yi gyaran murya, ta goge. A ƙarshe rubutawa ta yi: "Na farkon ya fi gaskiya. Ni ce ban fahimce ta ba. Abin da ya kamata mu nema shi ne a turo wani ya zauna da ita."

Nan take aka yi mata ca. Wani ya ce ai ita ta fara, yanzu kuma ta dawo tana kare marubuta. Wata ta ce mutum dai ba a iya masa. Mutum biyu ko uku suka ce su ma sabon bai kwanta musu ba, sun dai ji nauyin faɗa ne. Hashim ya turo mata saƙo ita kaɗai yana tambaya ko lafiya. Ta kife wayar a kan tabarma.

Ta tarar da uwarta zaune a bakin gado, hannuwanta a cinya, ba carbi ba komai. Ikram ta yi sallama ta shiga. Ta yi niyyar durƙusawa ta yi magana, sai ta fasa, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, ta jingina da gadon. Daga waje ana jin masu tallan gyaɗa suna wucewa ta lungu, da ƙarar injin markaɗe na maƙwabta.

Sun jima a haka kafin Hajiya Turai ta yi magana.

"Yana da wata bakwai likita ya gaya mana ciwon," ta ce. "Kakarku ta ce kada in sa rai. Duk damina ina cewa wannan ce. Duk sanyi ina cewa wannan ne. Ya yi firamare, ya yi jami'a, ya fara koyarwa, ina ta jira ina roƙon Allah kada ta zo. Kuka kuwa na yi shi tun kina ciki. A banɗaki nake yi, in wanke fuska in fito, don idan ya ga idona ya yi ja sai ya ɓoye min ciwon." Ta gyara zaman ɗankwalinta. "Da abin ya zo, na nema na rasa. Ban san inda ya tafi ba."

Ikram ta matso. Ta ɗora kanta a gwiwar uwarta, abin da rabonta da yi tun tana yarinya. Hajiya Turai ba ta janye ba.

"Ke ce a wurin," in ji uwar, muryarta ƙasa ƙasa. "Ban taɓa tambayarki ba. Da na fita, me ya faru?"

Ikram ta ɗago ta dube ta. "Kina so ki ji, Umma?"

"Ina so. Kada ki rage komai."

Sai Ikram ta fara. Ta ce bayan fitarta ya ɗan yi barci, ya farka ya ce a buɗe taga yana jin zafi. Ya tambaya ko an gaya wa shugaban makarantarsu cewa 'yan aji uku suna da gwaji ranar Talata. Ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ta kira nas, nas ta tafi kiran likita. Ya riƙe hannunta, ya ce ta karanta masa abin da ta iya, ta karanta, yana bin ta da leɓe.

"Ya sha wahala?"

"Da farko. Daga baya ya lafa. Ya yi kalmar shahada, na ji da kunnena."

"Alhamdu lillahi." Hajiya Turai ta rufe ido. "Ya tambaye ni?"

"Ya tambaya. Na ce kin je dama kunu. Ya ce to a ce miki kada ki cika tsamiya, kin san halinki."

Wani sauti ya fito daga bakin Hajiya Turai, rabinsa dariya. Ta sa bakin mayafi ta toshe bakinta, kafaɗunta suka motsa kaɗan, sannan suka tsaya. Ikram ba ta leƙa fuskarta ba.

Da aka kira magariba a masallacin unguwa, uwar ta sauke mayafin ta ce, "Tashi ki zuba mana ruwan alwala. In mun idar ki ƙarasa min, akwai sauran abin da ban tambaya ba."

Ikram ta tashi ta fita tsakar gida, ta cika buta biyu a bakin rijiya.